Yadin da Bai Rufa Asiri Ba

Tun da mijin Yayata ya fara haɗa ɗan siririn kwalekwale na mutum ɗaya a garejinsa, 'yan layinsu suka laƙaba masa Kyaftin. Mutumin da ko a baho bai iya iyo ba! Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum cewa yake, "Ku yi ta dariya, Maman yara ta yarda da ni, ya ishe ni."

Ranar da na je gidan ya gama goge katakon, ya lulluɓe shi da farin yadin faiba, irin wanda ake ƙarfafa jikin kwalekwale da shi, don ya kwanta kafin a shafa gam, ya fita. Muka leƙa garejin ni da Yaya. Ni na fara tsiyar, na ce wannan ai akwatin gawa ne mai tsini. Yaya ta yi dariya har da hawaye. Tela ce, hannunta ya iya zane. Ta ɗaga gefen yadin, ta zaro fensir daga ɗankwali, ta zana mijin nata a jikin katakon: ƙafafu a sama, tumbi a ruwa, kifi na kallonsa.

"Kar fa ya gani," na ce.

"Ina zai gani? Yadi zai rufe, gam ya bi ta kai."

Washegari ya tara maƙwabta su ga aiki. Ya ba Yaya kofi tana gauraya gam ɗin, irin mai ruwa biyu, shi yana zubawa yana ja da ɗan faifan roba. Abin da ba mu sani ba, farin yadin nan da ya sha gam sai ya koma garau kamar gilas. Duk inda hannunsa ya wuce, katako ya fito da kyansa. Ina tsaye ina kallo yana matsowa wurin zanen.

Ƙafafun ne suka fara bayyana. Sai tumbin. Mai wankin layinsu ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka.

Hannun mijin Yaya ya tsaya. Ya san zanen matarsa, kullum yana ganinsa a kan teburin ɗinki. Ga gam ya fara kamawa, ba halin ɗaga yadin sai a ɓata aikin duka. Yaya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na shige, don kunyar duniya ta ishe ni.

"Kyaftin, wane maƙiyin ne ya yi maka wannan?" in ji mai wanki.

Mijin Yaya ya ja faifan a hankali a kan zanen, ya fitar da kumfar da ta maƙale a wurin, har ya kwanta sumul.

"Ni na zana abina," ya ce. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya miƙa hannu baya. "Maman yara, ƙaro gam, kar ya bushe."