Shafin Aukje Mai Ɓare Jatan Lande

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, sai Dokta Evert Kloosterman ya sako mana ɗalibansa kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Shi malamin tarihi ne a kwalejin garinmu. Ni kuwa Ineke, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu, shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin sa kai a kundin sani na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Aikina shara ne. In wani ya rubuta cewa kawunsa ya fi kowa iya gasa burodi a arewacin Holand, ni ce mai tambayarsa wa ya faɗa, kuma a wane littafi.

Dokokinmu ba ɓoyayyu ba ne. Ba a ɗaukar ɓangare, ba a rubuta abin da aka jiyo da kunne sai abin da aka riga aka buga, kuma mutum ba ya samun shafi sai aƙalla majiyoyi biyu masu zaman kansu sun yi magana a kansa sosai. Dokta ya san wannan sarai, don sau uku ina rubuta masa. Amma sharaɗinsa ga yara shi ne kowa ya buɗe shafi, ya fito da ra'ayinsa ƙarara, kuma shafin ya kasance yana nan ranar da zai duba. Wanda aka goge nasa ya faɗi. Wato ya aike su su yi abin da muka hana, sannan ya rataya makinsu a wuyanmu. Wannan rainin hankali yana ci mini rai.

Ranar wata Litinin da safe na ci karo da sabon shafi: "Aukje Dijkema, jarumar da ta durƙusar da azzaluman dillalai." Majiyarsa ɗaya tak, wai hira da aka yi da ita a ɗakin girkinta. Na manna masa alamar gogewa, wadda ke ba da kwana bakwai na muhawara kafin a yanke hukunci. Shi ne shafi na tara da na yi wa haka a safiyar nan, ko a jikina.

Ran Laraba da rana mukan zauna a ɗakin karatu na gari mu taimaki masu koyon rubutu a kundin. Ina cikin shan kofi sai ga wata doguwar yarinya ta shigo, rigar ruwanta na ɗiga.

"Ke ce Malama Ineke? Ke kika sa a goge kakata?"

"Shafi na sa a goge, kakarki tana nan inda kika bar ta. Cire rigar nan ki zauna, kina jiƙa mana kafet."

Sunanta Renske. Ta ƙi kofi, ta ƙi biskit, ta zauna a bakin kujera ta zayyana mini. A ƙauyensu na Oosterzijl, mata ne ke ɓare jatan lande a gida, dillalai su zo su kwashe. A shekarar 1974 kakarta Aukje ta bi gida gida, har mata suka ajiye aiki kwana goma sha tara, sai da aka kyautata musu lada.

"Duk ƙauyen ya san wannan," in ji ta. "Ki je ki tambayi ko karen gidanmu."

"Karen gidanku ya buga littafi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan ne darasinta na ƙarshe. In ta faɗi, ba takardar shaida a watan Yuli, kuma ba a sake koyar da shi sai baɗi. Ga aiki yana jiranta a wani ƙaramin gidan tarihi, amma sai da takardar. Dokta zai duba ranar Talata mai zuwa, muhawararmu kuwa ranar Litinin za a rufe ta.

Ni ma na ɓare jatan lande ina 'yar shekara takwas, a teburin mahaifiyata, har yatsuna suka tsage. Na san labarin gaskiya ne. Na kuma san abin da ya sa ba ya cikin littafi: masu rubuta littattafan lokacin ba su ɗauki teburin girki wurin da tarihi ke faruwa ba.

Washegari muka hau kekunanmu zuwa ma'ajiyar takardu ta lardi. Awa huɗu muna juya tsofaffin jaridu, sai ga shi: rabin shafi guda, da hoton Aukje ta naɗe hannuwa a gaban tulin kwanduna. Renske ta rufe baki da tafin hannu. Majiya ɗaya ta samu. Ma'aikacin wurin ya ce mai yiwuwa akwai ta biyu a mujallar ƙungiyar ƙwadago, amma kwalin yana wani gari, sai an yi kwana goma zai iso.

Muka zauna nan take muka gyara shafin. Na cire "jaruma", na cire "azzalumai".

"Malama, in babu ra'ayina Dokta zai rage mini maki."

"'Yata, zaɓi ɗaya: ragin maki ko sifili."

Da yamma na rubuta a shafin muhawara cewa na janye ƙorafina, a ƙara mana mako biyu. Mai yanke hukunci a wannan makon wani ne da ke kiran kansa Kompas, mutum mai taurin kai amma ba mugu ba. Ya amsa cewa in ba wanda ya ja, zai ƙara. Ba kuwa wanda zai ja, don ban da shi, ni da Renske ne kawai muka san da muhawarar. Abin da ya rage shi ne kowa ya yi shiru.

Ran Juma'a da hantsi na buɗe kwamfuta na tarar da sababbin sunaye talatin da ɗaya a muhawarar. Duka an yi musu rajista cikin awa guda, daga kwaleji guda, kuma kowanne ya rubuta jimla iri ɗaya ba ko ragin waƙafi: "A bar shi, share tarihin mata zalunci ne." A ƙasansu ga Dokta da kansa, da dogon bayani cewa kundin yana hannun wasu tsofaffin maza masu tsoron mata. Ni ce dai tsohon namijin.

Na kira shi a waya cikin haushi.

"Dokta, me ka yi haka?"

"Haɗin kai na koya musu, Malama Ineke. Talatin da ɗaya a kan ɗaya. Ai dimokuraɗiyya ke nan."

"Ba ƙuri'a ake kaɗawa a nan ba, hujja ake aunawa. Gayyato jama'a babban laifi ne a wurinmu. Ka kira wa yarinyar nan idon duniya a lokacin da take buƙatar a manta da ita."

"To laifin dokokinku ne."

"Na ji. Ka ɗaga mata ranar dubawa da mako biyu."

"A'a fa. In na ɗaga wa ɗaya, sai na ɗaga wa kowa. Ƙa'ida ƙa'ida ce."

Sai da na ajiye kofin hannuna don kada in jefar. Mutumin da ya tara aji guda su tattake ƙa'idarmu, shi ne ke karanta mini darajar tasa.

Kafin Lahadi tsofaffin hannu sun cika muhawarar, kowa da fushinsa, don ba ni kaɗai ɗaliban Dokta suka gajiyar ba. Wanda bai taɓa jin sunan Aukje ba ya zo ya ƙirga majiya, ya ce ɗaya ce. Ran Litinin Kompas ya goge shafin, ya rufe sunayen kwalejin duka, har da na Renske wadda ba ta ce uffan ba. Na rubuta masa cewa yarinyar ba ta da hannu. Ya ce yana tausaya mata, amma in ya sassauta, baɗi aji biyu za a turo mana. Na gaya masa maganar da ban saba gaya wa mutane ba. Ran Talata Dokta ya duba, bai ga shafi ba, ya rubuta ta faɗi.

Renske ta ɗaukaka ƙara. Kwamitin jarrabawa ya ce in aka dawo da shafin kafin ƙarshen Yuni, za su sake dubawa. Kompas ya ce a kawo majiya ta biyu, shi da kansa zai dawo da shi. Kwalin mujallar ya iso, muka buɗe, muka tarar da layi uku kan "matan Oosterzijl", ba sunan kowa.

Larabar ƙarshe ta watan Yuni, Renske ta shigo da jaridar lardi ta ranar Asabar a naɗe. Shafi guda cur Dokta ya samu, da hotonsa ya dafa haɓa, yana bayyana yadda ya tsaya wa matan da tarihi ya manta. Ta shimfiɗa mini ita a kan tebur, tana ta lallashe gefenta da hannu.

"Jarida ce mai zaman kanta, ko ba haka ba? Kuma shafi guda ne. Malama, wannan ba zai zama ta biyun ba?"

Na sa tabarau na karanta daga sama har ƙasa. Ya yi maganar darasinsa, ya yi maganar ɗalibansa talatin da ɗaya, ya yi maganar tsofaffin maza. A sakin layi na shida ya ambaci "wata tsohuwa daga ƙauyen masunta".

"Renske, sunanta ba ya ciki."

"Na sani," in ji ta a hankali. "Kaka ma sau biyu ta karanta da gilashinta tana nema. Na ce ko ke za ki gani."