Noreen a Gidan Yayarta

Tun da gobarar daji ta cinye gidan Noreen a Alberta ta ƙasar Kanada, farfaɗiyarta da ta daɗe da lafawa ta dawo, kusan kowane mako sai ta faɗi. Likita ya ce tashin hankali da rashin barci ne ke tayar da ciwon.

Yayarta Odette ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta ƙwace wayarta.

"Masu jaje ni zan amsa musu. Ke dai sha maganinki ki kwanta."

Kafin hunturu ya shigo, faɗuwar ta ragu sosai. Wata safiya Noreen ta riƙe hannun Odette, idonta cike da ƙwalla.

"Yaya, da me zan saka miki?"

Odette ta yi dariya. "Fara da wanke-wanken nan, tunda kin murmure."