Furannin Mama Earline

Ina cikin kakkaɓe ciyawa daga rigunan 'yan ƙwallo sai Dorsey Pettway ya shigo ɗakin wanki, ya ajiye kwalkwalinsa, ya zauna kan kwando. Shekara talatin na yi ina wanke kayan ƙungiyar jami'armu ta ƙwallon zari-ruga irin na Amurkawa, a nan kudancin ƙasar Amurka. Ban yi nisa a boko ba, amma na iya karatun gumi: kowane ɗan wasa da irin zanen da gishirinsa ke bari a bayan riga. Na Dorsey kogi ne mai rassa uku. In ya rungumi ƙwallo ya sheƙa, sai in ga kamar filin ne ke gudu da baya.

"Baba Cleon, har yau kana duba da gumin mutane?"

"Naka ya ce yunwa kake ji, mai ƙaton kai. Mahaifiyarka Mama Earline za ta zo ran Asabar?"

Asabar ce wasan gida na ƙarshe ga masu kammala karatu. Bisa al'ada akan kira sunan kowa, ya fito tsakiyar fili ya miƙa wa mahaifiyarsa furanni.

Ya sunkuyar da kai. "Ba kuɗin mota, Baba. Tafiyar awa bakwai ce."

Na zaro abin da ke aljihuna. Ya ja da baya kamar garwashi na miƙa masa.

"Kai ma'aikacin makaranta ne, doka ta hana ɗan wasa karɓar ko sisi a hannunka. In na karɓa, a soke duk wasannin da muka ci bana, kai kuma a sallame ka."

"Wa zai faɗa? Injin wanki?"

"Kai mana! Yaushe bakinka ya taɓa riƙe magana?" Ya yi dariya, ya naɗe mini yatsuna a kan kuɗina.

* * *

Ran Asabar fili ya cika maƙil, kowa da tikitinsa. Duk inda na duba riga ce mai lamba ashirin da biyu, lambarsa, wadda kantin jami'a ke sayarwa ba sunansa a jiki. Aka kira shi. Ya fito shi kaɗai, kai a miƙe, ya ɗaga furannin sama yana murmushi. Sannan ya yi wasan da ban taɓa ganin irinsa ba. Sau uku yana ƙetare layin ci, mutane a rataye a jikinsa.

Da aka tashi ya kawo mini furannin.

"Sa mini su a ruwa, Baba. Sai Kirsimeti zan je gida."

Na ɗauraye bokitin sabulu, na tsoma su. Kwana biyar suka yi kafin su bushe.