Faifan Lombe a Ƙasan Akwatina

Kowace Lahadi bayan coci mu biyar muke haɗuwa a tsakar gidan Ba Nkandu ("Ba" ɗin na girmamawa ne a wajenmu) a unguwarmu Wusakile, mu ci nshima, tuwonmu na masara, da ƙananan kifin kapenta, mu saka fayafayen kiɗan rok na zamaninmu. In an gama jin faifai, kowa ya jefa marafan kwalba a kwano, daga ɗaya zuwa goma. Faifan da ba a ji ba, ba a jefa masa komai.

Faifan abokinmu Lombe marafai biyu nake ba shi, kuma ban taɓa ɓoye dalili ba sai ga kaina. Tare muka koyi jita. Ranar da ƙungiyarmu ta samu damar ɗaukar faifai ina can ƙarƙashin ƙasa ina haƙar tagulla, suka tafi da shi a madadina. Shekara arba'in da biyar hotonsa ne a bangon faifan, da wani uban gashi kamar kwando.

Ranar da za mu fitar da faifan da ya fi kowanne, Lombe ya zo da nasa a lanƙwashe. Jikokinsa sun bar shi a rana. Wallahi daɗi ya kama ni har nshimar ta ƙara zaƙi.

"Ayya, Ba Lombe," na ce, "doka ce, ba ni na kafa ta ba."

Sai matata, da ta shigo taya kwashe kwanuka, ta kira ni yadda ta saba, da sunan ɗanmu, ta ce, "Bashi Chileshe, ba akwai irinsa a ƙasan akwatinka ba?"

Na harare ta, amma ta riga ta fice. Gidanmu kuwa layi biyu ne kawai, nan da nan sai ga ta da shi.

Ba Nkandu ya ɗaga faifan nawa ya duba a hasken rana, ya fashe da dariya. "Kai, Kasonde! Wannan ai ya yi fari fat! Haka kake yi wa abin da ba ka so?"

Aka ɗora allura. Muryar mawaƙin ta fito da ƙyar, amma da aka zo inda Lombe yake kaɗa jita shi kaɗai, sai shuuu kawai ake ji. Na cinye wurin da yawan maimaitawa.

"To, ba a ji ba ke nan," in ji Ba Nkandu, yana janye kwanon.

Da na yi shiru, da shi ke nan na yi nasara. Lombe ya kalli yatsunsa da sanyin ƙashi ya ƙanƙame, sannan ya kalle ni.

"Kasonde, kai ka kaɗa musu. Ni ko da yatsun ma na manta shi."

Na so in ƙi. Amma rabon da wani ya ce in kaɗa jita a gaban mutane tun ina da gashi. Ba Nkandu ya ɗauko tsohuwar jitar ɗansa, na gyara tsirkiya, na fara. Minti huɗu, ban kuskure ko wuri ɗaya ba. Har gumi na yi.

Ina ɗaga kai na ga Ba Nkandu yana share ido. Marafai suka zubo a kwano, goma-goma. Na ajiye jitar, na gyara zama, ina jira.

Su uku suka miƙe a tare, suka wuce ta gabana, suka rungume Lombe.