Rahoton Ƙarfe Bakwai

Kullum da ƙarfe bakwai da minti biyar na safe rahoton yake shigowa akwatin saƙon Auta. Layi ɗaya ne tak: an gwada manhaja a kan tsari na huɗu, komai daidai. Babu suna, babu gaisuwa, babu alamar inda ya fito.

Manhajar ta Yayanta ce. Shekara goma sha tara ke nan da ya rubuta ta, don ƙananan asibitoci da ɗakunan karatu su riƙa ajiye takardunsu a sabar, wato babbar kwamfutar ajiya, ya kuma sake ta kyauta, kowa ya leƙa cikinta, mai iyawa ya gyara. Tana aiki a kan tsarin kwamfuta iri huɗu. Uku suna nan da ransu. Na huɗun kuwa, kamfanin da ya ƙera shi ma ya rufe tuntuni. Da Yaya ya rasu shekara uku da suka wuce, bayan jinyar kwana tara, sai riƙon manhajar ya faɗo hannun Auta da abokinsa Dogo, haɗe da dokar da ya rubuta a shafin farko: ba a cire tsari muddin ko na'ura ɗaya tana aiko rahoto.

"Ke ƙanwata, tsarin nan ya girmi takalmina, kuma kin san takalmina," in ji Dogo a waya. Tana ofis, ta juya wa abokan aikinta baya. "An gano ɓarakar da ɓarayi za su iya bi su kwashe takardun mutane. Gyaran yana hannuna, amma ba zai hau ba sai an cire na huɗun. Asibiti nawa kike so su zauna ƙofa a buɗe saboda mutum ɗaya?"

"Dokar fa, Yaya Dogo?"

"Dokar ta ce na'ura, ba ta ce aljani ba. Sau nawa kika yi cigiya?"

Sau huɗu ta yi. Ta rubuta a dandalin masu amfani da manhajar cewa don Allah mai wannan na'ura ya yi magana. Shiru. Washegari kuma, bakwai da minti biyar, sai ga rahoton, kamar wanda ya ji kiran ya ƙi amsawa.

Ranar wata Talata bai zo ba. Ta sabunta akwatin har yatsanta ya gaji. Da rana Umma ta kira ta, tana mitar iskar da aka yi da asuba, wai ta kayar da turken lantarki a layinsu, sai azahar aka dawo da wuta. Auta na riƙe da wayar rahoton ya shigo. Ƙarfe ɗaya da rabi. Daidai lokacin da wuta ta dawo gidan Umma.

Ba ta koma ɗakinta na haya ba ranar. Ta kwana gidan Umma, ta ce kewa ce ta kawo ta. Umma ta kalle ta ta saman tabarau, ta ce, "Kewa ranar aiki? To Allah ya sa ta ɗore."

Da safe ta ga Umma ta zaro makulli daga bakin zaninta, ta nufi ƙofar ɗakin Yaya a ƙarshen baranda, wadda Auta ba ta taɓa ba tun ranar da aka fitar da gawarsa. Ta bi bayanta.

Ɗakin ba ya warin rufi. An share, an goge. Rigarsa mai ruwan toka tana rataye a bayan kujera, kofinsa a kife a kan faranti. A ƙarƙashin tebur kuma ga tsohuwar kwamfutar da ya fara koyo da ita, farinta ya koma ruwan ƙwai, an ɗora ta a kan bulo biyu don kada ruwan shara ya taɓa ta. Fankarta tana juyi a hankali, tana ɗan tsayawa tana ci gaba, kamar numfashin mai barci.

Umma ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannuwa a cinya. Bakwai da minti biyar lasifikar ta yi ƙara kaɗan.

"Komai lafiya lau," in ji Yaya.

Muryarsa ce, har da 'yar shaƙewar da yake yi in bai sha shayi ba. Auta ta dafa bango.

"Madalla, ɗan albarka," in ji Umma. Ta tashi ta gyara labule. "In an ɗauke wuta aka dawo da ita, wannan maɓallin nake dannawa. Shi ya nuna min tun yana nan. Ban gaya miki ba don na san halinki, kuka za ki yi ta yi min."

Auta ta durƙusa ta kunna allon, ta karanta abin da ya tsara. Kowace safiya na'urar tana ɗauko sabon zubin manhajar, ta gwada, ta aika rahoto, in an dace ta saki muryar. Don kansa ya yi, don kada ya tashi daga gado ya duba. Babu asibiti a bayanta, babu ɗakin karatu. Umma ce kaɗai.

Kwana shida tana neman hanya. Ta gwada raba gyaran biyu, ta gwada yi wa tsohon tsarin ƙofa ta daban, ya ƙi. Ta yi tunanin ɗaure na'urar a kan tsohon zubi, ta yi ta gwada abu ɗaya har abada tana cewa lafiya lau. Har ta rubuta layukan, sai ta goge. Yaya ya taɓa hana ta taɓa manhajar wata guda cur saboda ta rufe wani gwaji don ya daina kawo jan alamar kuskure. Rahoton ƙarya, in ji shi, ya fi rashin rahoto muni.

Ta gaya wa Dogo inda na'urar take.

"Ni na ɗauko masa bulon da take kai," ya ce. "Ki yi yadda kika gani, Auta. Amma jiya an shiga sabar wani ɗakin karatu."

Ranar Litinin da yamma ta cire tsari na huɗu. Layi dubu biyu da ɗari uku, yawancinsu rubutunsa, har da 'yan maganganun da yake bari a gefe: kar a taɓa nan, ni ma ban san dalilin da ya sa yake aiki ba. Ta danna, gyaran Dogo ya hau, ta ɗauki jakarta ta tafi gidan Umma. Sau uku ta buɗe baki za ta faɗa, sau uku ta tambayi abin da ba shi ba, maganin hawan jini, famfon da ke ɗiga, kyanwar maƙwabta.

Da safe suka zauna a bakin gadon su biyu. Auta ta shirya wa shiru. Ta tanadi abin da za ta ce in bakwai da minti biyar ta wuce ba a ji komai ba.

Fankar ta ƙara gudu. Lasifikar ta yi ƙara.

"Auta!" in ji Yaya, yana dariya. "Ke ce, na sani. Zo ki gyara abin da kika ɓata."

Can a bayan muryarsa ana jin ƙarar cokali a kofi, da muryar Umma ta wancan lokacin tana cewa shayinsa zai huce.

Auta ba ta san ya naɗi wannan don ranar da gwajin ya faɗi ba. Tun tana ɗaliba ita ce mai karya tsari na huɗu, shi kuma ya yi ta tsokanarta. Shekara uku tana kaffa-kaffa da shi, ko sau ɗaya gwajin bai faɗi ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa jin wannan muryar.

Umma ta kama gefen katifa.

"Ya kira ki," ta ce.

"Na ji, Umma."

"To ki gyara mana."

"Ba zai gyaru ba. Ni na cire shi, da sanina. Akwai mutane da yawa da..." Ta juyo ta dubi Umma. "Takardun marasa lafiya ne, Umma."

Umma ta juya ta dubi na'urar.

"Gobe ma haka zai ce?"

"Kullum."

"Kullum ya tashi yana kira a gyara, ba mai gyarawa?" Ta girgiza kai. "A'a. Ɗana bai saba roƙo sau biyu ba."

Ta sauko daga gadon da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta durƙusa gaban bulon. Ta goge saman kwamfutar da gefen mayafinta, duk da babu ƙura. Sannan ta ɗora yatsa a kan maɓallin da ya nuna mata.

"Haka ake yi?"

"Ki riƙe shi, kar ki saki."

Fankar ta yi juyi biyu, uku, ta tsaya. Sai a lokacin Auta ta ji famfon baranda yana ɗiga, da wani yana tura baro a kan titi. Umma ba ta tashi ba, ita ma ba ta ce ta tashi ba.

Washegari a ofis, bakwai da minti biyar ta same ta gaban akwatin saƙo. Rahotanni uku suka shigo, na tsarin ukun da suka rage, duk lafiya. Ta sabunta shafin. Ta sake sabuntawa.