Ƙofar Mai Walda

Bayan sallar isha ƙarar ta fara, ina zaune ina kwance wani agogon bango. Gurrr, sai shiru. Gurrr, sai shiru. Kamar wata dabba mai ƙafar ƙarfe tana jan ciki a kan titi, tana tsayawa ta huta. Shekara arba'in ina sauraren cikin agogo, ba na iya barin ƙara ta wuce ban san asalinta ba. Na ce wa matata ko jirgin ƙasa ne ya ɓata hanya ya shigo layinmu.

Ta ce, "Malam, rufe mana ƙofa ka bar shirme."

Da safe aka gane. Keken ɗinki ne mai ƙafa, wani ya ja shi har filin makarantar firamare ya ajiye.

Shekara biyu ke nan da rikicin da ya raba layinmu gida biyu. Masu zuwa coci suka gudu, aka ƙone gidaje tara, aka kwashe abin da wuta ta rage. Bana ne suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Liman da fasto da tsohuwar shugabar makarantar suka haɗa kwamiti, suka bi gida gida da magana guda: duk mai riƙe da kayan wani ya kai filin makaranta idan duhu ya yi. Ba tambaya, ba leƙe, ba rubuta suna. Da safe mai abu ya zo ya gane abinsa.

Dabarar ta ci. Kullum nakan je in ga abin da dare ya haifa. Fanka mai fiffike biyu, tukwane, gadon jariri, wani hoton aure da aka goge gilashinsa tas kafin a dawo da shi. Ranar Laraba aka wayi gari da akuya a ɗaure. Mai ita ta ce tata ita kaɗai ce, yanzu ga 'ya'ya biyu a bayanta. Maƙwabcina wanzami ya ce, "To Mama, wannan ɓarawon ai makiyayi ne, a nemo shi a ba shi sauran." Aka yi dariya, daga masu hula har masu sarƙar gicciye. Rabona da jin dariyarsu a haɗe har na manta.

Ni ban yi dariya sosai ba, domin abin da ke hannuna ba ya kaiwuwa a ɓoye. Ƙofar gidana ce.

Ƙofar ƙarfe ce, mai walda na ƙarshen layi ya ƙera wa gidansa da hannunsa, ya lanƙwasa rodi ya yi tsuntsaye biyu a samanta. A zaurensa aka tsinci gawarsa washegarin rikicin. Kwana uku bayan haka ɗana, direban babbar mota, ya shigo da ita a bayan amalanke, ya ce a wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa ya samo. Tamu ta katako an farfasa ta. Ban tambaye shi ba, ko da yake na san tsuntsayen, na kuma san mai waldan ne ke gyara masa mota, kwano ɗaya suke cin abinci. Ɗan nawa ya shafe ta da baƙin fenti, ya ɗora, bayan wata guda ya koma wani gari. Tun daga nan sai dai waya.

Kwamiti bai yi tunanin ƙofa ba. Keken ɗinki in ya fita, gida na nan yadda yake. Ƙofa kuwa in ka cire, gari zai waye gidanka da baki buɗe, kowa ya san ɗan wa ya taka zauren nan.

Matata ta ce, "Ka rufa wa yaron nan asiri, Malam. A yanke tsuntsayen kawai, wa zai gane?"

Na ce, "Ita."

Matar mai waldan ta dawo, ta rufa ɗaki ɗaya tana zaune, da dare ta jingina fallen kwano a bakin zaure ta tokare da benci. Kullum da safe takan wuce ta ƙofata za ta famfo, ta ce, "Baba, ina kwana?" Na lura da abu ɗaya. Tana kallon bishiyar gaban gidana, tana kallon takalmina, tana kallon agogunan da na jera a tebur. Ko sau ɗaya idonta bai taɓa sauka a kan ƙofar ba. Mutum ba ya kauce wa abu haka sai ya san inda yake.

Ranar Asabar bayan la'asar na ɗauko guduma na fara cire ƙusoshin ƙofar. Wanzami ya leƙo daga rumfarsa da aska a hannu.

"Baba mai agogo, zafi ne ya ishe ka, ko iska kake son gayyata?"

Na ci gaba da aikina. Ya ɗaga kai ya ga tsuntsayen, ya daɗe yana kallo. Sai ya ajiye askar, ya bar mutum da rabin kai, ya zo ya kama ɗaya gefen. Matata ta shige ɗaki ta ja labule.

Ban kai filin makaranta ba. Muka ɗora ƙofar a amalanke, muka tura, muka tsallake kwatar da ta zama iyaka tsakaninmu, mutane na fitowa suna bin mu. Kafin mu isa gidan mai waldan, wani ya kira liman da fasto da shugabar makarantar.

Matar mai waldan ta fito hannunta da kumfar wanki. Ta tsaya. Ta sa farce ta kankare fentin jikin tsuntsu ɗaya har wani launi ya fito.

"Shuɗiya ce da," in ji ta.

Ta goge hannu a zaninta.

"Baba, kai da me za ka rufe gidanka yau?"

"Labule ya isa, 'yata."

"Ga sauro, ga awaki. Ɗauki kwanon nan, da bencin."

Maratayan ƙofar na nan a jikin ginin, wuta ba ta ci su ba. Fasto ya naɗe hannun riga, shi da wanzami suka ɗaga, liman ya riƙe ƙusoshin yana miƙo mini. Ƙofar ta zauna daram kamar jiya aka cire ta. Shugabar makarantar ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Mai wanki da ke gida na kusa, tsoho ne kamar ni, ya matso ya ja sakatar, ya mayar, ya sake ja. Ya shafa wurin makulli da babban yatsa, ciki da waje.

"Ikon Allah," ya ce. "Ko lotsewa babu. Ashe ba fasa ta aka yi ba."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi matar, ya dube ni.

"To muryar wa ya ji a ranar nan, har ya zare sakata ya buɗe?"