Sandar Bayan Tukunya

Shekara arba'in da uku ina nutso da tukunyar iska guda ɗaya, tsohon yayi, mai tiyo biyu da ke zagayowa ta kafaɗu su haɗu a baki. Ba ta da agogon da zai nuna maka iskar da ta rage. Abin da take da shi wata siririyar sandar ƙarfe ce a gefen hagu. Idan sandar tana sama, tukunyar takan ɓoye maka 'yar iska. Kana can ƙarƙashin teku in ka ji numfashi ya fara nauyi, sai ka miƙa hannu baya ka ja sandar ƙasa, ajiyar ta buɗe, ka sami abin da zai kai ka gaɓa. Ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan kam ko a cikin barci na san shi.

Matata Kikue ta rasu a watan huɗu. Tun daga nan 'yarmu Natsuko ba ta bar wayata ta huta ba daga birnin Nagoya.

"Baba, ɗaki na nan na gyara maka. Ka tattaro kawai."

"In zo in yi me? Gadin talabijin?"

"Shekararka saba'in da ɗaya fa. Mama ce ke riƙe maka fitila a gaɓa. Yanzu wa zai riƙe?"

"Fitila kawai take riƙewa, ba ita ke yi mini numfashi ba. Bari in shiga sau ɗaya ni kaɗai. In na ga ba zan iya ba, da bakina zan ce ki zo ki ɗauke ni."

Ta ce, "Ka yi alkawari?"

Na ce na yi.

Ran Alhamis na kai tukunyar wurin Sadao, abokina tun muna yara, shi ke da injin cika iska a bayan kasuwar kifi. Ya dube ta ya girgiza kai.

"Tokuji, har yanzu wannan gwangwanin? Gidan tarihi na nemansa."

"Kai ma sun tambaye ka, na ce su jira ka ƙarasa bushewa."

Ya yi dariya har da tari, ya ja sandar ƙasa kamar yadda ake yi in za a cika, don in tana sama iskar ba ta shiga yadda ya kamata. Ina tsaye ina kallonsa ya yi.

"Wa zai zauna maka a gaɓa?"

"Babu kowa."

"Da gwiwar nan tawa tana saukar duwatsu..."

"Zauna da gwiwarka, tsohon banza. Ba na son in fito ruwa a gajiye in goya ka."

Da duhu ya yi na sauka gaɓar da muka saba, bayan tsohon wurin ɗaure jirage. Dutsen Kikue na nan, mai faɗi kamar faranti. Nan take zama da fitila, da flas ɗin shayi, da dunƙulen shinkafa biyu a ƙunshe. Kullum in na gama shiri na juya wa teku fuska, sai ta matso ta bayana ta bubbuga tukunyar sau biyu, ta ce, "Tafi, Baban Natsuko, kada shayi ya huce." Ni na ɗauke shi irin abin nan na mata, ba na ma juyowa.

Na ɗaura ɗamarar dalma mai ƙara nauyin nutsewa, na tofa yawu a gilashin fuska na ɗauraye, na sa takalman iyo. Na tsaya kaɗan ina jira, kafin na tuna ba wanda zai bubbuga. Na shiga da baya.

Ruwan ya karɓe ni kamar kullum. Daɗin tsohuwar tukunya shi ne kumfarta ta bayan ƙeya take fita, kifi ba ya gudunka. Na bi gindin dutse na gangara wajen mita goma sha biyu. Ƙaguwa ta ɗaga mini hannu, idanun jatan lande suna ja cikin hasken tocila. Na kashe tocilar na kaɗa hannu, ruwan ya yi tartsatsi kore. Kikue ba ta taɓa ganin wannan ba, a bakina kawai take ji. Na ce a raina, to ga ni, Natsuko, me ya gagara?

Na daɗe, fiye da yadda na saba, don ba shayin da zai huce. Can numfashi ya fara nauyi. Ban damu ba. Na miƙa hannu baya na kama sandar na ja.

Ba ta motsa ba. Tana ƙasa tun farko, yadda Sadao ya bar ta. Babu wata ajiya, na shanye ta tun ɗazu.

Na zuƙa, rabin numfashi ya zo. Na sake zuƙa, kamar mai tsotsar kwalbar da ba kome. Tsufa ya yi mini rana a nan, ban yi hauka ba. Na kwance ɗamarar dalma ta faɗi, na ɗaga kai na fara hawa, ina fitar da iska a hankali ta baki don kada huhu ya fashe. Kusa da sama tukunyar ta ba ni numfashi ɗaya na ƙarshe, na bankwana.

Na ɓullo ina tari. Ko'ina baƙi. Idona ya tafi neman fitila inda ya saba, babu. Ban ma san ina ne ƙasa ba, sai da na hango wani ɗan farin haske can nesa, na injin sayar da lemo da ke bakin titi. Shi na nufa, a rigingine, tukunyar banza tana ja na.

Da na fito na rarrafa na zauna kan dutsenta. Na sauke tukunyar na ajiye ta gabana, bayanta na kallona, yadda Kikue ke ganinta. Na bubbuga da hannun dama sau biyu. Hannuna na hagu ya sami kansa daidai kan sandar. Na tura ta sama, ta ce ƙas.

Wannan ƙarar na san ta. Shekara arba'in da uku ina jin ta a tsakanin bugun nan biyu. Ban taɓa ɗaga sandar nan da hannuna ba, ko sau ɗaya, ashe Kikue ce ke ɗaga ta, kuma matar nan ba ta taɓa gaya mini ba.

Yanzu da na sani zan iya ɗagawa da kaina, ba wuya. Abin da ya hana ni tashi daga kan dutsen shi ne, me kuma take yi a bayana wanda ban gano ba tukuna?

Da safe na kira Natsuko.

"Ɗakin nan naki, yana da taga?"

"Baba, me ya faru?"

"Ba kome. Ruwan ne ya yi sanyi. Ki zo ran Lahadi."

Na wanke tukunyar da ruwan famfo, na shanya tiyon, na jingina ta a ɗakin ajiya kusa da fitilar Kikue. Na bar sandar a sama.